Farin Rufin Inna Zenabu

Akwai wani mutum a unguwar Zongo ta Wagadugu, sunansa Jibrilla, amma an daɗe ba a ji wani ya kira shi da sunan nan ba. Dokta ake ce masa. Ba likitan asibiti ba ne, dokta ne na ilimin leda da roba. In ka kuskura ka kai masa ƙarar ciwon kai, sai ya tsayar da kai a rana ya yi maka bayanin bambancin.

Mahaifinsa, marigayi Alhaji Baƙo, Bakano ne da fataucin atamfa ya kawo shi garin, ya yi aure ya zauna. Jibrilla ne ɗan fari. Ya yi bokon Faransanci har ƙarshensa, ya samu aiki a wani ɗakin bincike da ke wajen unguwar Zogona, wanda su suke kira labo.

A faɗi gaskiya, aikinsa ba na banza ba ne. Duk wanda ya san Wagadugu ya san leda. Ta toshe kwata, ta rataye a bishiya, awaki su ci su kumbura su mutu. Shekara tara Jibrilla ya yi yana neman yadda za a narka ledar nan, a cuɗa ta da yashi, a zuba a mazubi ta fito tayil na rufin ɗaki. Leda ta riƙe yashi, yashi ya ba ta ƙarfi.

Kuma ya dace. Tayil ɗin farko da ya fitar na baƙar leda ne, ƙato zai tsaya a kai bai ko motsa ba. Sai dai Jibrilla ya dube shi ya taɓe baki. Baƙi yana jan zafi, ga shi ba kyan gani. Shi fari yake so, kuma yana da dalili.

Dalilin shi ne mahaifiyarsa, Inna Zenabu. Ɗakinta rufin kwano ne, wanda Alhaji Baƙo ya sa aka buga fiye da shekara talatin. In bazara ta kama, tsohuwar nan mai hawan jini sai ta jiƙa zane ta lulluɓa, ta fito tsakar gida tana haki. Jibrilla ya yi wa kansa alkawarin ɗakin farko da zai rufa da farin tayil nata ne. Yana son uwarsa, wannan babu mai musu. Yana kuma son a san shi ya yi.

Inna Zenabu irin matan da ne masu kunyar ɗan fari. Ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta doguwar hira da shi. Ko yana zaune a gabanta, sai ta juya wajen ƙanwarsa Nafisatu, wadda ke ɗinki a gidan, ta ce, “Ki ce wa yayanki ga tuwo nan.”

Akwai kuma maƙwabciyarsu, Tanti Rokia, katanga ɗaya ta raba gidajen. Ita ce shugabar matan da ke tsinto leda suna rarrabewa suna kai wa labo. Ta goyi Jibrilla yana jariri, ya sha yi mata fitsari a baya, ko da yake shi ya manta.

Ranar da ya tara matan a harabar labo ya ce daga yau ledar ruwan sha kawai yake so, fara zalla, Tanti Rokia ta ajiye buhunta.

Ta ce, “Dokta, fara zalla?”

Ya ce, “Haka na ce, Tanti.”

Ta ce, “Ɗana, ni ban shiga lakol na yi boko ba, amma shekarata ashirin ina bin juji. Baƙar leda sai ta shekara biyar a kan ƙaya tana kaɗawa, ka ja ta ta miƙe. Farar nan kuwa rani ɗaya take yi, ka taɓa ta ta zama gari. Abin da za a kwana a ƙarƙashinsa ne fa.”

Jibrilla ya gyara zaman tabarau, ya yi 'yar dariya.

“Bon, Tanti. Abin da kika gani a juji na karanta shi tun kafin in fara gemu. Akwai maganin da ake sawa. Ke dai aikinki tsinta, kimiyya ki bar mana.”

Matan suka sunkuyar da kai. Tanti Rokia ta ɗauki buhunta ta tafi.

Abin haushin shi ne, ba ƙarya ya yi ba. Ya san leda dogayen zaruruwa ne da ido ba ya gani, a sarƙe da juna, rana kuma tsinka su take yi a hankali. Ya san baƙar tana da wani baƙin sinadari a jikinta da ke tare mata rana. Ya san akwai wata hoda da masu bincike suka fitar, wadda ake zuba wa farar don ta jure. Abin da bai sani ba shi ne yawan hodar da ranar Wagadugu take buƙata, domin babu wanda ya taɓa aunawa.

Akwai injin da ke ba da wannan amsar. Akwati ne mai fitilu masu ƙarfi, a sa tayil a ciki awa dubu biyu, a ga yadda zai tsufa. An kai awa ɗari shida ana fama da ɗauke wuta, sai fitilar ta ƙone. Sabuwa sai bayan wata huɗu. Ga kuma wani babban baje kolin sababbin ƙere-ƙere saura wata uku.

Abokin aikinsa Rasmane, mutum mai sanyin magana, ya same shi a ofis.

Ya ce, “Jibrilla, mu jira. Ko mu jera su a saman labo, rana ta yi mana aikin da kanta. Bazara biyu kawai.”

Jibrilla ya ce, “Bazara biyu? Shekara tara nake jira. Awa ɗari shida ko tsagewa bai yi ba, sauran lissafi ne, kuma na yi shi.”

“Lissafi ba gwaji ba ne, mon frère. Kuma ɗakin Inna ka ce.”

“Rasmane, in tsoro kake ji, ka cire sunanka daga aikin.”

Rasmane bai cire sunansa ba, amma ya ɗebi tayil goma ya hau saman labo ya jera su.

Baƙaƙen tayil ɗin farko kuwa suna jibge a bayan labo, Jibrilla ya ce a kwashe su suna tare masa wuri. Tanti Rokia ta roƙa a ba ta, ta rufa rumfar awakinta.

Ya ce, “Ɗauki, Tanti. Awaki ba su san kyau ba.”

Aka zo aka ɓalle kwanon Alhaji Baƙo. Inna Zenabu tana zaune a inuwa tana kallo, ta shafa falle ɗaya da hannu kafin a fita da shi. Kafintoci suka jera farin tayil, kowanne nauyinsa ya kusa kilo uku. Da suka yi maganar silin, Jibrilla ya ce ba za a sa ba, yana so baƙi su shiga su ɗaga kai su ga aikin ta ciki.

Nafisatu ta matso a hankali.

“Yaya, da an sa silin ɗin mana, ko don a samu wani abu tsakaninta da nauyin nan.”

Ya juyo gaban kafintoci ya ce, “Ke ma kin zama injiniya? Koma kan kekenki, wuyan riga ma ba ki gama iyawa ba.”

Nafisatu ta shige ɗaki da hawaye. Daga ranar babu wanda ya sake buɗe baki a kan rufin nan a gabansa.

Ɗaki ya yi kyau, ba a cewa komai. Ya kuma yi sanyi. Mutane suka riƙa zuwa daga unguwannin Larlé da Gounghin suna kallo, aka ɗauki hoto, aka yi hira da Dokta a rediyo. A baje koli aka ba shi lambar yabo. Inna Zenabu ta ce, “Ki ce wa yayanki Allah Ya yi masa albarka.” Ranar Jibrilla ji ya yi duniya ta gama yi masa komai.

Bazara ta wuce, damina ta wuce, wata bazarar ta zo.

Duk Juma'a in an sauko masallaci yana zuwa gaishe ta. Kafin ya yi sallama sai ya tsaya a tsakar gida ya kalli rufin. Ya ga kamar ya daina sheƙi, ya ce ƙura ce. Wata rana ya ji ƙuras-ƙuras a ƙarƙashin ƙafarsa a cikin ɗakin, ya ce a takalmi aka shigo da shi. Ya ga an shimfiɗa zane a saman gidan sauronta, bai tambaya ba.

Yakan ce, “Inna, ɗakin dai lafiya?”

Ita kuma ta ce, “Lafiya lau, alhamdu lillahi.”

A watan Yuli Rasmane ya sake zuwa ofishinsa.

“Jibrilla, ka hau saman labo ka duba tayil ɗin nan. Yau, ba gobe ba.”

Jibrilla ya san dalili. Matakala goma sha biyu ce kawai tsakaninsa da amsar. Amma a lokacin ana maganar ba shi aikin rufe wasu gidaje masu yawa, in ya hau ya gani, dole ya sauko ya faɗa. Sai ya ce, “Bari in gama rahoton nan, mako mai zuwa.” Mako mai zuwa ya zo ya wuce, wani ma ya wuce.

Ranar wata Talata ta watan Agusta, bayan la'asar, hadari ya taso daga gabas da iska mai ƙarfi. Jibrilla yana ofis yana kallon ruwa ta taga, wayarsa ta yi ƙara. Nafisatu ce. Da ƙyar ya gane muryarta.

“Yaya, ɗakin Inna ya rufto. Tana ciki.”

Bai san yadda ya hau moto, wato babur ɗinsa, ba. Ruwa ya ci hanya, moton ya mutu a bakin unguwa, ya yar da shi ya shiga da ƙafa, ruwa har gwiwa.

Da ya shiga gidan, sama ya gani ta cikin ɗakin. Katakon na nan a tsaye, tayil ne suka tsattsage daga inda aka ɗaure su suka zubo. Ga sallayarta a jiƙe, ga carbinta. Ya sunkuya ya ɗauki guntu ɗaya, ya marmashe a hannunsa kamar busasshen burodi. Yashi ya bi ruwa ya zube ta tsakanin yatsunsa.

Wani ya dafa shi ya ce, “Tana gidan Rokia.”

Mota ba ta iya shigowa, ga shi duk inda aka taɓa tsohuwar sai ta yi nishi. Shi ya sa maza suka ɗora ta a kan ƙyaure, suka ajiye ta a busasshen wuri na farko da suka samu, wato rumfar awakin da ke bakin zaure. An kore awakin gefe, an shimfiɗa tabarma. Tanti Rokia ta ɗora kan Inna a cinyarta tana danne jini da mayafinta.

Jibrilla ya ruga can ya durƙusa. Ruwa na dukan rufin rumfar kamar da gayya, sai ya ɗaga kai. Baƙaƙen tayil ɗinsa ne, waɗanda ya ce a kwashe. Suna nan yadda ya fitar da su daga mazubi, ko ɗigo ɗaya ba ya sauka.

Tanti Rokia ta ga inda yake kallo. Ta ci gaba da danne jinin, kuma da ta zage shi da ya fi masa sauƙi.

A asibiti likita ya ce ƙashin baya ya karye, akwai kuma jini a cikin kai. Ya ce a yi ta addu'a. Jibrilla, wanda ya saba shi ke yi wa mutane bayani, ya tsaya yana gyaɗa kai kamar kowa.

Kwana bakwai ba ta yi magana ba. Ran na takwas da hantsi ta buɗe ido, ta gan shi a bakin gado, sai ta nemi Nafisatu da ido.

“Ki ce wa yayanki kada ya sa abin nan a ransa.”

Jibrilla ya kama hannunta ya ce, “Inna, ga ni nan. Ni na yi. An faɗa mini ban ji ba. Ki yafe mini.”

Ta kau da kai gefe, kamar yadda ta saba tun yana yaro.

“Ki ce masa babu komai. Ɗakin ya yi sanyi. Bazara biyu na yi ina barci.”

Washegari bayan azahar ta cika.

Bayan an yi sadakar bakwai, shi da Nafisatu suka shiga kwashe kayan ɗakin. Da suka janye gadon, sai ga buhunan shinkafa guda uku a jere a jikin bango, an ɗaure bakinsu da tsumma. Ya kwance ɗaya yana zaton hatsi ne. Yashi ne fari, haɗe da ɓarɓashin leda.

Ya ce, “Mene ne wannan?”

Nafisatu ta zauna a ƙasa.

“Tun kafin bazara yake zubowa, Yaya. Da safe ta share, da yamma ta share. Har wanda ke taruwa a ƙofar ɗaki takan riga kowa fita ta kwashe. Na ce mu zubar a waje, ta ce a'a, maƙwabta za su gani su ce aikin Dokta ya lalace. Na ce to ta dawo ɗakina, ta ce in ta bar ɗakin mutane za su yi magana. Ta sa na yi mata alkawarin ba zan faɗa maka ba.”

“Ke kuma sai kika biye mata? Me ya sa ba ki kira ni ba?”

Ta ɗago ta dube shi, idonta a bushe.

“Yaya, yaushe aka taɓa faɗa maka magana ka ji?”

Ya ɗaure bakin buhun. Ya fita ya shiga gidan Tanti Rokia, ya same ta tana ba awaki dusa. Ya tsuguna a gabanta, abin da ya yi shekaru bai yi ba.

“Tanti, kin san yana zubowa?”

Ta ce, “Ta kan katanga nake ganin rufin yana fari kamar an barbaɗa gari. Sau biyu na je labo, ɗana. Na farko mai gadi ya ce kana taro. Na biyu ya shiga ya fito ya ce ka ce in ajiye ledar in tafi.”

Ya tuna. Ya tuna har rigar da ke jikinsa ranar, da shayin da yake sha lokacin da ya ce a sallame ta.

Ta ci gaba, “Ni ma ina da laifi. Da na zauna a bakin ƙofar har ka fito. Amma na ji nauyin a sake yi mini dariya gaban yara, tsufa ya zo mini da zuciya. Zenabu ƙawata ce tun muna amare.”

Ta ajiye kwanon dusar. Su biyun suka zauna a ƙarƙashin baƙin rufin, babu mai lallashin wani.

Da ya koma aiki, ya hau matakalar nan goma sha biyu. Tayil goman da Rasmane ya jera duk sun tsage, uku sun rabe biyu. Ko minti ɗaya bai ɗauka ba ya gama gani. Ya sauko ya rubuta da hannunsa cewa kada a rufa wa kowa ɗaki da farin tayil ɗin, ya mayar da lambar yabon, ya roƙi mutanen Zongo su daina ce masa Dokta. Wasu suka ce ya kyauta. Shi ya san ya makara da wata guda.

Rasmane ya ce su sake gwaji daga farko, da baƙar leda a ciki da farin shafe a sama, su bar wa rana ta yanke hukunci ko shekara nawa za ta ɗauka. Jibrilla ya ce to. Yana zuwa aiki, yana rubuta abin da aka ce ya rubuta, amma wanda ya san shi da ya san ba shi ba ne.

Buhunan nan uku bai zubar da su ba. Ya kai su labo ya ɗora a kan sikeli, domin mutumin bai san wata hanyar fahimtar abu ba sai awo. Kilo arba'in da ɗaya. Ya daɗe a tsaye yana kallon lambar, yana ganin tsohuwa mai hawan jini a sunkuye da guntuwar tsintsiya, tana tara yashin da ke zubo mata a ka, tafi bayan tafi, don kada a yi wa ɗanta dariya.

Har yau buhunan suna ƙarƙashin teburinsa. An mayar wa ɗakin rufin kwano, amma babu mai kwana a ciki.

Darasi: Ilimi bai cika ba sai da kunnen saurare. In ka saba gwasale duk wanda ya zo maka da gyara, wata rana masu ƙaunarka ne za su ɓoye maka haɗarin da ke kansu don gudun ɓacin ranka, kuma ba za ka sani ba sai ya faɗo. Kada ka ɗora ran mutum a ƙarƙashin abin da ba ka gama gwadawa ba, kada kuma ka raina mai faɗa maka gaskiya don bai yi makaranta ba. Ku tura labarin nan ga 'yan uwa da abokai, wataƙila akwai wanda aka yi wa magana jiya bai ji ba, kuma har yanzu yana da sauran lokacin da zai koma ya tambaya.